Lawal Wanzam Ya Warke, Gari Ya Ƙi Yarda

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Ban daɗe da fita takaba ba, kuma abin da ya fara zo mani a rai shi ne in rubuta jinyar maigidana. Na san yanzu haka akwai wata mace da ke zaune da irin abin da na zauna da shi, tana tura ƙyaure kada maƙwabta su ji.

Sunana Rabi. Maigidana shi ne Lawal, wanda Dutsin-Ma ta sani da Lawal Wanzam, ni kuwa Baban Ummi nake ce mashi. Danginsa mutanen Tamawa ne ta ƙasar Kurfi, wanzanci gadonsu ne. Shi ya shigo gari ya kama shago kusa da tasha, ya haɗa aska da injin aski. 'Yan kasuwa na zuwa wurinsa, ɗaliban jami'a na zuwa, in aka yi haihuwa a unguwarmu shi ake kira askin suna. Mutum ne marar yawan magana. Duk zaman da muka yi ban taɓa jin muryarsa ta wuce zaure ba.

Shi ya sa da ya fara surutu, bayan babbar salla, na ɗauka nishaɗi ne na cinikin salla. Satin farko barci ne ya ƙaurace mashi, amma ba ya gajiya. Ya ce zai buɗe shago a Katsina, ya buɗe a Kano, har Maraɗi. Na yi dariya na ce Allah ya nufa. Sati na biyu ya daina amsar kuɗin aski, ya ɗauki janaretan shago ya ba wani ɗan acaɓa da bai ma san sunansa ba. Da na yi magana sai ya dube ni da wasu idanu jajur ya ce, "Rabi, ke ba ki jin abin da injin nan ke gaya mani."

Sati na uku, ranar kasuwa, wani Alhaji dillalin shanu na bisa kujera an aske mashi rabin kai. Sai Baban Ummi ya tsaya cak ya ce akwai rubutu a fatar kan Alhaji, ya fita bakin titi yana kiran jama'a su zo su karanta. Askar na hannunsa. Wallahi bai yanki kowa ba, bai ma nufi kowa da ita ba. Amma ko da labari ya iske ni na ruga, na iske an ɗaure shi da igiyar shanu a jikin falwayar wuta, baki ya fashe, riga a yage. Waɗanda ba su dukansa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. A cikinsu akwai mutanen da shi ya yi wa 'ya'yansu askin suna. Da ya gan ni sai ya ce, "Rabi, ce masu su bari in ida askin Alhaji, kada ya tafi haka."

Kafin la'asar gidanmu ya cika da masu ba da shawara. Wata ta ce aljanu ne, tunda yana zubar da gashin mutane a bola da magariba. Wani ya ce sammu ne daga abokan sana'a. Wani kuma ya ce ƙwaya yake sha a ɓoye, mutumin da ko goro bai dame shi ba. Washegari wansa, Yaya Sada, ya iso daga Tamawa tare da mahaifiyarsu, Inna. Na durƙusa na ce, "Yaya, da dai an kai shi asibiti Katsina."

Ya ce, "Asibitin mahaukata kike nufi? In ya taka wurin nan sunan ya bi zuri'a ke nan. Ina da ɗiya mata da ba su yi aure ba. Akwai malami a bayan Barkiya, can za shi."

Inna kuka kawai take. Aka sa shi a mota aka tafi. Aka ce kada in je duba shi, wai aljanin na iya bin matarsa gida.

Na yi haƙuri har kusan wata. Duk wanda na tambaya sai ya ce da sauƙi. Ranar nan Inna ta zo da kanta ta ce, "Tashi mu je, Rabi, raina bai kwanta ba." Muka hau mota zuwa Kurfi, daga can muka hau babur muka bi hanyar daji, gero da dawa sun rufe ko'ina.

Ba zan faɗi sunan malamin ba, na bar shi da Allah. A wata rumfar kara muka iske Baban Ummi, tare da wasu maza, kowa da mari a ƙafa an haɗa da gungumen itace. Idon sawunsa ya kumbura ya fashe, ƙudaje na bi. Bayansa duk shatar bulala. An aske mashi kai da wata dakusasshiyar reza, an yayyanke shi, nan gashi nan jini ya bushe. Ya rame har haƙoransa sun yi tsawo. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya shafa kansa ya ce, "Inna, dubi askin da suka yi mani."

Wani babban yaron malamin ya zo yana mana bayani, wai aljanin mai taurin kai ne, bulalar ba shi take sama ba, aljanin take sama. Inna ta zauna daɓas a ƙasa cikin rana. Tsohuwar da ban taɓa jin ta yi wa namiji musu ba ta ce, "To jinin nan na aljanin ne ko na ɗana? Ni na haife shi, ba Sada ba. Ba ni tashi nan sai kun kwance shi." Aka yi lallashi, aka yi barazana, aka ce in ya kashe wani alhakin na wuyanmu. Ba ta motsa ba har rana ta karkata. Da aka cire marin sai ya kasa miƙewa, mai babur ne ya ɗauke shi kamar buhu.

Ba mu koma gida ba, Katsina muka wuce. Wanda bai taɓa bin layin sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa ba, ba zai gane ba. Sai ka bi layin kati, ka bi na biya, sannan ka zo ka zauna bisa benci tun hantsi har azahar ta wuce, likita ɗaya mutane kamar kasuwa. Kuma layi ne da ba a gaisawa. Mata na jan mayafi su rufe fuska, maza na kallon ƙasa. Na ga wata 'yar unguwarmu riƙe da ƙanenta, muka haɗa ido, ta juya kamar ba ta taɓa ganina ba. Ban ga laifinta ba, ni ma na so in yi hakan.

A nan Allah ya haɗa mu da wata nas, Sista Talatu. Da ta ga ƙafafunsa ba ta tambaye mu ina muka kai shi ba, ta riga ta sani. Ta durƙusa ta wanke ciwon da hannunta tana ce mashi, "Sannu Malam Lawal." Tun ranar kasuwar nan ba wanda ya ƙara kiransa da malam sai ita. Allah ya saka mata da Aljanna.

Likitan yaro ne, amma ya saurare ni har na gama. Ya ce sunan ciwon baifola, wato hankalin mutum ya riƙa hawa sama ya wuce kima, wani lokaci kuma ya faɗo ƙasa. Maganar da ta zauna mani ita ce da ya ce, "Hajiya, irin hawan jini ne. Ba cire shi ake ba, riƙe shi ake. Muddin yana shan magani zai yi sana'arsa kamar kowa." Aka ba Baban Ummi gado. Maganin sau da yawa babu shi a asibiti, sai an fita kemis. Awakina suka tafi, 'yan kunnena na aure suka bi su, Inna ta fasa rumbunta tun kaka ba ta yi ba. Yaya Sada bai leƙo ba ko sau ɗaya. Saƙo ya aiko, cewa in wani ya tambaya mu ce taifot ne.

A sati na biyu Baban Ummi ya fara barci. A na uku ya tambayi ɗiyarmu Ummi da ƙanenta, ya tambayi wa ke riƙe da makullin shago. Amma maganin farko ya sa mashi rawar hannu, ko kofin shayi ya ɗauka sai ya zube. Ya riƙa zama yana kallon hannayen nan yana hawaye. Na gaya wa likita cewa mutumin nan da hannu yake ci. Ya canza maganin, a hankali rawar ta tafi. Bayan an sallame mu, kullum da safe sai ya ɗauko aska ya gwada ta bisa gashin damtsensa, ya nuna mani. "Kin gani? Ko ƙwarzane babu."

Da kaka ta yi ya koma shago. Ya share, ya goge madubi, ya wasa asake, ya zauna. Mutane na wucewa su ɗaga hannu daga nesa, "Lawal, ya jiki?" Ya ce, "Jiki ya yi sauƙi, bismilla." Su ce suna sauri. Bidiyon nan na ranar kasuwa kuwa ba wayar da bai shiga ba. Yara a makaranta suka riƙa ce wa Ummi ta zo ta karanta masu rubutun da ke kansu. Maƙwabcinmu na jikin katanga aka yi mashi haihuwa, Baban Ummi ya kai gudummawa, ya shirya zabirarsa tun ana gobe suna. Da safe muna ji aka kawo wani wanzami daga wata unguwa. Baban Ummi ya mayar da zabirar ya rataye.

Mutum ɗaya ne ya zauna bisa kujerar nan, Baba Isiya mai goro. Tsoho ne mai sanƙo, gashin kansa bai kai a biya mashi aski ba. Amma duk Juma'a sai ya zo, ya ɗaga haɓa ya ba da maƙogwaro ya ce da ƙarfi yadda 'yan tasha za su ji, "Lawal, taɓa mani gemun nan da aska, ban son inji." Har lumshe ido yake kamar mai gyangyaɗi. 'Ya'yansa sun yi mashi faɗa ya ce su bar shi, wuyansa ne. Allah ya ji ƙan iyayensa.

Ana nan sai Sista Talatu ta kira ni. Ta ce gwamnati ta yi sabuwar doka kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wasu jami'ai za su zo Dutsin-Ma taron wayar da kai, suna neman wanda ya warke ya yi magana. Ita da zuciya ɗaya ta faɗa. Baban Ummi ya yi murna ƙwarai. Ya ce, "In manya suka faɗa da bakinsu, ai mutane za su ji."

Aka yi taron a wani babban zaure, aka raba riguna da lemo. Shugaban tawagar, wani mai babbar riga da ƙaton agogo, ya yi jawabi mai daɗi. Ya ce yanzu doka ta hana a wulaƙanta mai wannan ciwo, ta hana a raba shi da aikinsa ko muhallinsa saboda ciwon, ta hana a ɗaure shi kamar dabba. Na zauna ina kuka, don ban san akwai wanda ya taɓa tunaninmu ba. Sannan aka kira Baban Ummi. Mutumin da ba ya son magana ya tsaya gaban jama'a ya faɗi komai, har ya ɗage wando ya nuna tabon mari. Aka tafa. Shugaban ya rungume shi aka ɗauki hoto.

Da za a watse Baban Ummi ya matsa kusa da shugaban ya ce, "Ranka ya daɗe, shagona na nan bakin tasha. Na ga gemun ya kai gyara, ka zo in yi maka kyauta."

Mutumin ya yi dariya, hannunsa ya kai wuyansa. Ya ce, "In sha Allahu, Malam Lawal, wani zuwan." Da la'asar Baban Ummi na zaune ƙofar shagonsa ya ga motarsu ta tsaya a shagon askin da ke tsallaken titi.

Bayan 'yan kwanaki hoton nan ya fito a manyan takardu, an manna a asibiti, an manna a mararraba, fuskarsa ƙarara, da rubutu a ƙasa cewa ciwon ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne. Magana ya yarda ya yi, ba wanda ya tambaye shi zancen manna hoto. Baƙin ɗalibai da ba su san komai ba, waɗanda sukan faɗo shagon jefi-jefi, su ma suka sani.

Sai mai shagon ya zo ya ce yana son wurinsa, wai maƙwabtan shago sun ce ba su da kwanciyar hankali. Baban Ummi ya ce, "Alhaji, ai doka ta hana." Alhaji ya ce, "To ka kira dokar ta zo ta zauna ka yi mata aski."

Ni na ɗauki mayafi na shiga neman inda ake kai ƙara. Wannan ofis ya tura ni wancan. Wani ya ce zancen lafiya ne, wani ya ce zancen haya ne, wani ya ce shi dai ya ji dokar a rediyo amma bai san teburin wa take ba. Wani ma'aikaci ya rage murya ya ce, "Baiwar Allah, ke da kanki, za ki ba shi wuyan ɗanki?" Na ce kullum shi ke yi wa ɗana aski. Ya ce, "To ke kin yi ƙoƙari." Lambar da aka ba mu a taron na kira har na gaji, ba a ɗauka.

Daga nan Baban Ummi ya je wurin dattawan masu aski na gari, ko za su sa baki. Babbansu ya ce, "Lawal, mu ba mu ƙi ka ba. Amma in ka warke, me kake yi da magani? Duk wata ana ganinka a motar Katsina. Ka ajiye ƙwayoyin nan mu ga kwana biyu, in lafiya lau, mu da kanmu za mu je wurin mai shago." Yaya Sada ma da ya ji ya aiko cewa gaskiya suka faɗa, maganin ne ke tona asiri.

Baban Ummi bai gaya mani ya daina shan maganin ba. Barcin da ya fara raguwa ne ya gaya mani. Na tsare shi bayan sallar asuba na ce, "Baban Ummi, don girman Allah. Ka tuna abin da likita ya ce." Na ce mu bar garin, mu koma wani wuri da ba a san mu ba. Ya ce da hoton nasa a mararraba? Na ce ya bar askin, ni zan riƙe gidan da ƙuli-ƙulina. Sai ya ce, "Rabi, na gaji da warkewar da ni da ke kaɗai muka sani."

Na kira Sista Talatu, ta ce in kawo shi ranar da likita ke zama, kwana biyu ke nan a gaba. Na kwashe asaken na ɓoye a gidan ƙawata, amma ashe akwai tsofaffin na mahaifinsa a cikin zabira. Washegari na fita kai niƙa, na dawo ba shi ba zabirar. Wani ɗan acaɓa ya ce ya gan shi a hanyar Kurfi da ƙafa, ya ce mashi za shi ƙauyuka yawon aski yadda ubansa ke yi, can ba a kallon waya.

Kowa ya san halin da ƙauyukanmu ke ciki, mutane a tsorace suke kwana, a tsorace suke tashi. A wani ƙauye da ba a san shi ba aka ga baƙo ya fito daga cikin dawa, ga jaka cike da asake, ana tambayarsa yana ta zuba magana ba kai. Suka ce mai kai wa ɓarayin daji rahoto ne. Suka rufe shi da duka. Abin da ya tsayar da su shi ne wani saurayi da ya leƙa fuskarsa ya ce, "Kai, ku bari! Mahaukacin nan ne na Dutsin-Ma, na jikin takarda."

A asibitin Dutsin-Ma na iske shi, kai a naɗe, numfashi da ƙyar. Inna na gefe tana mashi tofi. Ya farfaɗo sau ɗaya, hankalinsa garau, ya tambaye ni ko yara sun ci abinci. Na ce sun ci. Ya ce in ba Baba Isiya haƙuri, Juma'ar nan ba zai samu zuwa ba. Kafin Juma'ar aka kai shi makwancinsa.

Ke da kike karanta wannan kina da irin nawa a ɗaki: ki kai shi asibiti tun a satin farko, kada ki bari a sa mashi ƙarfe, kuma duk wanda ya ce a ajiye magani don a gwada, ki tsaya mashi a ƙofa ko waye shi. Maganin yana aiki, na gani da idona. Dokar ma na gode da aka yi ta. Sai dai har yau ban san ƙofar da ake ƙwanƙwasa mata ba.

Jana'izarsa ta yi jama'a. An ce mai shago ya zo, dattawan masu aski sun zo, maƙwabcinmu na jikin katanga ma da shi aka ɗauki makara. Ranar uku Yaya Sada ya shigo cikin gida yi mani gaisuwa, mata cike da tsakar gida. Ya tsuguna daga bakin ƙofa ya ce, "Rabi, sai haƙuri. Shi ya huta, ke ma kin huta. Kuma ki gode wa Allah, irinsu ba su da hisabi, an ɗauke masu alƙalami." Mata suka amsa, "Ƙwarai kuwa, ɗan Aljanna ne."

Mai takaba ba ta ɗaga murya, ban kuwa ɗaga ba. Na ce, "Yaya, Allah ya sa ɗan Aljanna ne. Amma watannin nan da ya yi zaune a ƙofar shago, da hankalinsa ya yi su. Yana salla, yana azumi, yana gane duk wanda ya tsallaka titi don kada ya gaishe shi. Ba a ɗauke mashi alƙalami ba. Ku ma ba a ɗauke maku ba."

Inna ce kawai, daga ƙuryar ɗaki, ta ce, "Faɗa mashi, ɗiyata."